Awon Matsin Mai a Injin Motar da Aka Yi wa Sauyi: Misali daga Sabon Birni da Isa



A gaban kowane direba akwai wata 'yar allura wadda ke nuna masa yawan man da ya rage a tanki. Kowa ya santa, har fasinjan da ke zaune a gaba yakan saci kallonta in tafiya ta yi nisa. Amma a yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu babu wata allura da ke nuna ƙarfin da man nan yake isa inji da shi. Waɗannan abubuwa biyu ne dabam, ko da yake a bakinmu sun cuɗanya. In mota ta tsaya, sai mu ce ko dai akwai mai ko babu. Alhali kuwa tanki na iya kasancewa cike fal, inji kuma yana fama da ƙishirwa, ko kuma mai ya yi masa yawa har ya shaƙe. Wannan ƙarfi da famfo ke turo mai da shi cikin tiyo, shi nake kira matsin mai. Na zaɓi kalmar matsi ne domin ita ce ta fi kusa da abin da ke faruwa, watau ruwa ne aka tura shi cikin ƙunci yana neman mafita. Wanda ya taɓa toshe bakin tiyon ban-ruwa da babban yatsa, ya ji yadda ruwan ke ture yatsan, to ya riga ya san matsi.

Dalilin da ya sa na ɗauki Sabon Birni da Isa misali shi ne, a wannan yanki da wuya ka sami motar haya wadda take yadda kamfani ya ƙera ta. A Turai da Amurka, in an ce an yi wa inji sauyi, galibi ana nufin saurayi mai son tsere ya ƙara wa motarsa gudu. A ƙasar Gobir lalura ce ke kawo sauyi. Yankin yana gabashin Jihar Sakkwato, Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, Sabon Birni kuma tana kan iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Gobirawan da suka kafa Sabon Birni a tsakiyar ƙarni na 19 daga Tsibiri suka fito, kuma har yau dangi da kasuwanci suna haɗa ɓangarorin biyu. Motar da ke wannan aiki tana ɗaukar gero da wake da albasa da dabbobi fiye da abin da aka ƙayyade mata, tana ratsa yashi da rani, tana kutsa laka a fadamun gulbin Rima da damina, kuma kayan gyaranta na asali suna can Sakkwato ko Kano, in ma ana samunsu. Saboda haka bakanike yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi: injin wannan mota, famfon waccan, kafireton wata ta uku.

Kafin mu ga illar wannan haɗe-haɗe, ya kamata mu san yadda mai ke shiga inji. Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, gaurayen iska da mai ne, kuma gaurayen yana da ƙa'ida. Domin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska kimanin kilo 14.7. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da ɓarnar kuɗi. In ya yi kaɗan, wutar da ke cikin inji takan yi zafi fiye da kima, kuma wannan shi ne ya fi haɗari, kamar yadda za mu gani. Hanyoyi biyu ne aka fi sani na haɗa wannan gauraye, kuma tarihin motocinmu ya ratsa dukkansu.

Ta farko ita ce ta kafireto. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da ta fito daga can, wadda ta ci gaba da fitowa har tsakiyar shekarun 2000, ita ce ta horar da kanikawan Arewa masu yawa. A irin wannan mota famfon mai yana manne a jikin inji, motsin inji ne ke kaɗa wani faifan roba a cikinsa, ya tsotso mai daga tanki ya zuba cikin wani ɗan kwano da ke jikin kafireto. A cikin kwanon akwai wani abu mai iyo, in mai ya cika sai ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofa, daidai da yadda tankin ruwan bayan gida na zamani ke rufe kansa. Daga kwanon nan iskar da inji ke zuƙa ita ce ke jan mai. Ke nan kafireto ba ya son matsi mai yawa, abin da yake so shi ne kada kwanonsa ya bushe.

Ta biyu ita ce ta feshi, wadda kanikawa ke kira injekta. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da feshin da lantarki ke sarrafawa a 1967, amma bai zama ruwan dare a nan ba sai da tsofaffin motocin Turai suka kwararo ta Legas da Kwatano, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa sabuwar mota ta gagari yawancin mutane. A wannan tsari famfon lantarki ne, galibi a nutse cikin tanki, yake turo mai da ƙarfi ta cikin filta zuwa wani bututun ƙarfe da ke kan inji. A jikin bututun akwai bakunan feshi, ƙwaƙwalwar mota tana buɗe kowanne na ɗan lokaci ƙanƙane, wanda ake lissafawa da kashi-kashi na dubu na daƙiƙa. A ƙarshen bututun akwai regileta, wani bawul mai sifirin wanda ke barin rarar mai ta koma tanki domin matsi ya tsaya wuri ɗaya. Abin lura a nan shi ne, a irin waɗannan motoci ƙwaƙwalwar ba ta auna matsin mai. Ta ɗauka kawai cewa yana nan yadda kamfani ya tsara, sai ta lissafa lokacin buɗe baki a kan wannan zato.

Yanzu sai lambobi. Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira bar, ko kuma da na Ingilishi wanda ake rubuta psi a fuskar geji. Bar 1 ya yi daidai da psi 14.5 ko kusa da haka. Domin ku sami abin kwatance, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kimanin bar 2, watau abin da mai faci ke kira talatin. Kafireto yana aiki da kimanin bar 0.2 zuwa 0.4 kacal. Injin feshi mai baki ɗaya ga kowace silinda yana son kimanin bar 3, wasu har 4. Akwai kuma na tsakiya, mai bakin feshi guda ɗaya tak a saman inji, wanda a ido yake kama da kafireto, irin wanda ke cikin wasu Golf na shekarun 1990. Shi kimanin bar 1 yake so. Ku lura da wannan: mota biyu masu suna ɗaya da siffa ɗaya, a tasha ɗaya, ɗaya tana son bar 1, ɗaya tana son bar 3. Famfunansu kuwa in an ajiye su a kan tebur a kasuwar kayan gyara, ba kowa ne zai bambance su ba.

Sauyin da aka fi yi shi ne mayar da injin feshi zuwa kafireto. Ba na cikin masu zargin kanikawa a kan wannan. Mutumin da ƙwaƙwalwar motarsa ta ƙone a Gatawa, babu na'urar bincike kusa, babu wata ƙwaƙwalwar sai an aika birni, yana da hujja in ya ce a sa masa abin da kowane bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya. Inda matsala take shi ne famfon da ke cikin tanki. An ƙera shi ya ba da bar 3, ga shi an haɗa shi da allurar da ba ta iya tare fiye da bar 0.4. Ninki bakwai da rabi ke nan. Mai zai ture allurar, kwano ya cika ya tumbatsa, wani ya malala cikin inji, wani ya zubo waje. Wanda ya shiga ciki yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi da ƙarafa su riƙa cin juna. Mai mota zai ga dai injin da aka yi wa aiki bara ya soma hayaƙi bana, sai ya ce kayan gyaran jabu ne. Wanda ya zubo waje kuwa, in ya sauka a kan bututun salansa mai zafi, ba sai na faɗi abin da zai biyo baya ba.

Kanikawa sun san da wannan, kuma suna da dabaru. Wasu sukan cire famfon su sa ƙarami na waje. Wasu sukan raba tiyon biyu, reshe ɗaya ya tafi kafireto, ɗaya ya koma tanki, sa'an nan su matse na komawar da waya ko su cusa masa wani ɗan ƙarfe mai huda har sai inji ya daina shaƙewa. Dabarar a kan hanya take, domin abin da regileta ke yi ke nan. Abin da ya rage mata shi ne awo. An daidaita ta ne da kunne, mota tana tsaye, inji yana kaɗawa a hankali, lokacin da ba ya shan mai sosai. Ba wanda ya san ko matsin da aka bari bar 0.3 ne ko 0.8, kuma ba wanda ya san abin da zai rage in mota ta ɗauki buhu goma sha biyar ta shiga yashi.

Sauyi na biyu kishiyar wannan ne, kuma shi ne mai kisan mummuƙe. An ɗora babban inji a kan ƙaramar mota an bar tsohon famfo, ko famfon asali ya mutu an sa wanda aka samu, ko kuwa famfon nagari ne amma filta ta toshe. Matsi zai yi ƙasa. A nan akwai wata ƙa'ida ta kimiyyar ruwa wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Yawan man da ke fita ta bakin feshi ba ya raguwa daidai wa daida da raguwar matsi; yana bin tushen murabba'in matsin ne. In matsi ya faɗo daga bar 3 zuwa bar 2, watau ya ragu da sulusi, man da ke fita yana raguwa da kimanin kashi 18 cikin 100. Mai sauraro zai ce ai wannan da sauƙi. A gaskiya nan ne haɗarin yake, domin raguwar ba ta kai ta kashe inji ba, balle direba ya farga. Mota tana tashi, tana tafiya, har ma mai ita ya yi murna wai ta rage shan mai. A tafiyar sannu, in na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa tana nan da ranta, ƙwaƙwalwa takan gane ƙarancin ta ƙara lokacin feshi. Amma in an take totur har ƙasa, yawancin waɗannan motoci sukan daina sauraron na'urar su koma lissafinsu na asali, ga shi kuma a motoci da dama an daɗe da cire ta. To a daidai lokacin da inji ya fi wahala, a kan tudu ko cikin rairayi da lodi, a nan ne gaurayen ke tsinkewa. Sai ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wutar tana fashewa ne ba bisa ƙa'ida ba. In aka ci gaba, bawul ya ƙone, ko kan fistin ya narke ya huje.

Akwai kuma ƙarin tanki. Shekaru da yawa, saboda tallafin da gwamnatin Nijeriya ke yi, fetur ya fi araha a wannan ɓangare na iyaka, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an yi ta ƙera wa motoci manyan tankuna domin tsallakar da shi, ko bayan matatar Damagaram ta fara aiki a 2011. Wasu kuma sun ƙara tanki ne don kawai gidan mai ya yi musu nisa, musamman bayan watan Nuwamba na 2019, lokacin da Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ko mene ne dalili, tankin da maƙeri ya yi yana da aibi biyu da ke taɓa matsi. Na ɗaya, tsatsa da ɓurɓushin walda suna bin mai su toshe rariyar famfo. Na biyu, sau da yawa akan manta da ƙofar shaƙar iska. Tanki yana bukatar iska ta maye gurbin man da ya fita. In babu, bayan tafiyar rabin sa'a famfo zai riƙa kokawa da tankin da ke riƙe mansa, matsi ya yi ta sauka har mota ta tsaya. Direba ya fito, ya buɗe murfi don ya leƙa, ya ji tanki ya ja numfashi, ya ga mai na nan, ya tayar da mota ta tashi lafiya. Sai a ɗora laifin a kan filogi, ko a kan abin da ido ba ya gani.

Zafin ƙasarmu ma yana da hannu. Fetur gaurayen ruwaye ne iri-iri, kuma mafi sauƙinsu suna soma tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Jihar Sakkwato yakan wuce haka, balle ƙarƙashin murfin inji. Ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa, wanda ake tsotsa kuwa yana saurin yi. Shi ya sa a motar kafireto man da ke tsakanin tanki da famfo ke zama tururi, famfo ya yi ta kaɗa iska. Tsumman da tsofaffin direbobi ke jiƙawa su ɗora a kan famfo magani ne na gaskiya, domin bushewar ruwan tana sanyaya ƙarfen, tururi ya koma mai. A motar feshi kuwa, akwai wani ɗan bawul a bakin famfo da ke riƙe matsi bayan an kashe inji. In ya lalace, matsi ya zube, man da ke bututu ya tafasa saboda zafin inji. Wannan ita ce motar da ke tashi da bugu ɗaya da asuba, amma in an tsaya salla ko cin abinci da rana sai an tura.

Game da ingancin man kansa, ba zan tsawaita ba. Man bumburutu da ake juyawa daga jarka zuwa galan zuwa kwalba yana kwasar ƙura da ruwa, wani lokaci da kananzir. Ko na gidan mai ba kullum yake tsira ba: a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwaf ta Beljiyam, kuma wannan sinadari yana cin robar da ba a yi ta dominsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne wata sabuwar al'ada da tsada ta haifar. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Direba ya koma sayen lita biyar, lita bakwai, daidai tafiyar da ke gabansa. To famfon da ke cikin tanki man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi. In kullum tanki a ƙasa yake, famfo yana zafi, yana tsotsar dattin gindi, in mota ta karkata a rami ya zuƙi iska. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Matsinsa ne ke raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni, kuma geji kaɗai ke iya ganin wannan raguwa tun da wuri.

A wani wuri mutuwar famfo asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A wannan yanki ta fi haka. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta a gabashin Sakkwato, hanyar da ta bi ta Marnona ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa, da wadda ta haɗa Isa da Sabon Birni, da ta Shinkafi, sun ga abubuwan baƙin ciki, ciki har da motar fasinja da aka ƙone da mutane a cikinta kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021. Direban da ya bar tasha yana lissafin ya isa kafin rana ta faɗi, ba shi da sa'a guda da zai ɓatar yana jiran inji ya huce. Haka motar asibiti mai ɗauke da mace mai naƙuda.

To yaya ake awon? Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ne ya yi rajistarta a 1849: lanƙwasasshen bututu ne siriri wanda matsi ke ƙoƙarin miƙar da shi, motsinsa kuma ya juya allura. Irinta ce a jikin injin ba da iska na mai faci. Abin mamaki ne a ce a tasha guda ana auna iskar taya sau da yawa a yini, amma man da inji ke rayuwa da shi sai dai a zare tiyo a ga ko yana tsartuwa. Tsartuwa ba awo ba ce. Famfon da ya gaji ma yana tsartuwa in ba abin da ya tare shi. Sai dai a kula, gejin mai faci na iska ne, kada a sa shi a fetur. Kuma geji ɗaya ba ya isa: wanda fuskarsa ta kai bar 7 ko 10 ya dace da injin feshi, amma allurarsa ba za ta nuna bambancin 0.2 da 0.4 ba, saboda haka kafireto yana bukatar ƙarami wanda bai wuce bar 1 ba.

Ana haɗa geji bayan filta, dab da inji. Wasu motocin suna da wani ɗan bawul a bututun feshi mai kama da na taya, an yi shi don wannan aiki. In babu, sai a sa mahaɗi mai baki uku. Kafin a kwance komai a motar feshi, a cire fis ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa domin matsi ya sauka, a yi aikin a fili, nesa da mai shan taba da mai shayi. Da an murɗa makulli, tun ba a tayar da inji ba, allura ta tashi nan take zuwa lambar da ta dace; in tana hawa a hankali, famfo ya raunana ko hanya ta toshe. In inji ya tashi yana kaɗawa a tsaye, a motar da regiletarta ke da siririn tiyon iska, matsi zai ɗan sauka da kimanin rabin bar, in an zare tiyon kuma ya koma sama. In bai motsa ba, regileta ta mutu. In aka ga fetur cikin siririn tiyon, robarta ta yage, kuma inji yana shan mai ta ɓarauniyar hanya. Bayan an kashe inji a zuba wa allura ido na minti goma ko ashirin. Ya kamata ta riƙe mafi yawan matsinta. In ta faɗi da sauri, akwai yoyo, ko a bawul ɗin famfo, ko a regileta, ko a bakin feshin da ke ɗiga.

Duk waɗannan ana yin su mota tana tsaye, kuma famfon da ya kusa mutuwa yana iya cinye su duka. Awon da ya fi muhimmanci ga injin da aka sauya shi ne na kan hanya. A ƙara tsawon tiyo, a fito da geji ta gefen murfin inji, a ɗaure shi a waje jikin gilashin gaba, a yi wa mota irin lodin da ta saba ɗauka, a sami tudu ko yashi a take totur, wani na tuƙi wani na kallo. In allura ta tsaya cak ko ta ɗan ƙaru, famfo ya isa wannan inji. In ta soma sunkuyawa yayin da inji ke ƙara kuka, to bai isa ba, ko da me aka rubuta a kwalinsa. Na ce a waje, kuma ina nanatawa: kada a shigo da tiyon fetur cikin ɗakin mota. Wanda ke son geji na dindindin a gabansa, kuma ina ganin duk motar haya da aka sauya wa inji ta cancanci haka, sai ya sa na lantarki, wanda ke da ɗan ma'auni a kan inji, waya kaɗai ce ke shigowa ciki.

Wasu abubuwa biyu sukan fito fili a lokacin wannan awo. Tiyon da aka yi don kafireto ba ya jure bar 3. Yakan kumbura ya tsage, musamman inda aka ɗaure shi da waya a maimakon maɗauri. Sa'an nan a tsarin kamfani, famfon lantarki yana tsayawa da kansa da zarar inji ya mutu. Mai gyaran wayar da ya haɗa famfo kai-tsaye da makulli ya kawar da wannan kariya, ta yadda in mota ta kife tiyo ya tsinke, famfo zai ci gaba da feso mai har sai an kashe makulli ko tanki ya ƙare. Gwajin mai sauƙi ne: a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a saurara. Famfo ya yi kuka na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. In ya zarce, a mayar da motar wurin mai waya.

Wani sabon sauyi kuma ya shigo tun 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Tukunyar da ake sawa a bayan mota tana ɗaukar iskar a kan bar 200, watau ninkin matsin taya sau ɗari, kafin wata na'ura ta sauko da shi zuwa abin da inji zai iya sha. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, kuma tukunyar da maƙeri ya yi wa walda ba ta da wuri a cikinsa. Irin wannan mota galibi da fetur take tashi kafin ta juya, don haka awon da muka bayyana bai faɗi a kanta ba.

Ga ma'aikatan da ke kula da motocin ƙananan hukumomi da na asibitoci da na aikin gona, akwai abin da ke hannunku. Littafin da ke bin kowace motar hukuma yana da gurbin kilomita da na litar da aka sha da na ranar juyen baƙin mai. A ƙara masa gurbi ɗaya. Ranar da aka sauya inji ko famfo, a rubuta irin injin da aka sa, da matsin da yake bukata, da wanda geji ya nuna a tsaye da kuma a kan hanya, domin littafin kamfani ya daina magana a kan wannan mota tun daga ranar. A maimaita awon duk lokacin da aka juye baƙin mai, da kuma farkon bazara kafin zafi ya kankama. In lambar kan hanya ta sauka da kashi goma cikin ɗari daga ta ranar farko, a fara da filta, domin ita ce mafi araha. In an canza ta lambar ba ta dawo ba, a duba wutar da ke isa famfo, sa'an nan a sauke tanki.